Wai me zai hana makarantun 'yan matan masarautar Ringim su riƙa gasar ƙwallo a tsakaninsu?

Malamar Wasanni: Slm mutanen gida, barkanmu da kaka, Allah ya sa a kai amfani gida lafiya. Ina da magana amma dan Allah a karanta har ƙarshe kafin a fara jifana. Shekarata takwas ina koyar da motsa jiki a makarantar 'yan mata ta kwana, kuma duk Asabar bayan la'asar in an gama wanki sai yaran nan su ɗauko ƙwallo ɗaya tal da muke da ita wadda ta sha faci har ta gaji, su raba kansu gida biyu, su jera bokitai a matsayin raga, daga nan ba mai jin kira sai an kaɗa ƙararrawar magariba. Akwai wata 'yar aji biyu na babbar sakandare, ba zan kama suna ba, ƙafar hagu gare ta, wlh in ta ɗauko ƙwallo daga tsakiya sai ta yanke mutum huɗu kuma ƙafarta ko silifas babu. Abin da ke damuna shi ne ba su taɓa bugawa da kowa ba sai junansu. Ringim, Taura, Garki, Ɓaɓura, duk akwai makarantun mata, me zai hana a haɗa musu gasa a cikin katanga, mata su busa, mata su kalla?

Ɗan Pillars: Hhhh Malama Allah ya ba ki haƙuri, mu maza ma Jigawa Golden Stars tana neman mai kallonta balle ƙwallon mata. Wa zai bar sussukar gero ya je kallon wannan?

Malamar Wasanni: Ai shi ya sa na ce a karanta har ƙarshe. Ban gayyace ka ba ƙanena, ko ka zo ma mai gadi zai mayar da kai.

Mai Gidan Kallo: Ɗan Pillars kai da bakinka kake faɗin haka? To bari in tona maka asiri. Daren 26 ga Yulin 2025 da Super Falcons, ƙungiyar matan Najeriya, suka buga wasan ƙarshe na Kofin Afirka da Maroko a Rabat, ni da farko ko allo ban rubuta ba don na ɗauka asarar fetur zan yi, yara ne suka matsa min na tada janareto. Kafin a je hutun rabin lokaci an zura mana biyu, mutane suka fara ficewa ana tsaki, har da kai, na ga fitarka da idona ka tafi wajen mai shayi. Da Okoronkwo ta ci fenareti aka fara dawowa ɗaya-ɗaya, da Ijamilusi ta farke gidan ya cika har ƙofa, da Echegini ta saka ta uku ana dab da tashi kuwa benci biyu aka karya min, kuma wanda ya fara hayewa kan benci yana cikin zauren nan yana karantawa.

Ɗan Pillars: Wannan kishin ƙasa ne ba son ƙwallon mata ba 😂

Ɗan Jami'a: Kishin ƙasar ma ai ba daga sama ya faɗo ba. Kofin Afirka na goma kenan da matan suka ɗauka, Super Eagles kuwa uku gare su, 1980 da 1994 da 2013. Kuma da yawansu a gasar cikin gida suka taso. Asisat Oshoala a FC Robo ta Legas ta fara, ta koma Rivers Angels ta Fatakwal, daga nan Liverpool, Arsenal, har Barcelona, sau shida tana zama gwarzuwar Afirka. Kyaftin Rasheedat Ajibade ita ma Robo ce ta raine ta. Mai tsaron raga Chiamaka Nnadozie daga Rivers Angels ta tafi Faransa. Wato akwai tsani, mu ne dai ko matakin farko ba mu da shi.

Baban Ummi: Tsaya ɗana, wai dama akwai gasar mata ta ƙasa kamar yadda Pillars ke bugawa? Ni na ɗauka in za a je Kofin Afirka ne ake tattaro su.

Ɗan Jami'a: Akwai Baffa, tun 1990 ake yinta. NWFL ake ce wa hukumar, kuma hawa uku ne, Premiership a sama, Championship a tsakiya, Nationwide a ƙasa, wanda ya yi ƙoƙari ya hau wanda ya gaza ya faɗo. A hawan sama ana raba kulob-kulob rukuni biyu saboda rage tafiya, sai uku-ukun da suka fi maki su haɗu a gari ɗaya su kara da juna, shi ne ake cewa Super Six, wanda ya fi maki a nan shi ke da kofi. In ka duba masu ɗauka a 'yan shekarun nan duk mutanen can ƙasa ne, Rivers Angels, Bayelsa Queens, Delta Queens a 2023, Edo Queens a 2024. Daga arewa wadda ta fi suna ita ce Nasarawa Amazons ta Lafiya, ta ɗauka a 2013 da 2017. Sai Adamawa Queens ta Yola da Confluence Queens ta Lokoja.

Ɗan Pillars: Lokoja ma arewa ce yanzu? To Allah ya kyauta.

Direban Kudu: Ni bari in shigo ta inda na sani. Shekara goma sha ina ɗaukar kaya zuwa Fatakwal da Yanaguwa, daga nan ya haura kilomita 1,000, in ka tashi da asuba ka kwana a hanya ko kana so ko ba ka so, ga shingaye ga ramuka ga fargaba. Yanzu a ce kulob daga Jigawa ya shiga wannan gasa, a zuba 'yan mata ashirin a bas a nufi Bayelsa, wane uba ne zai sa hannu? Ni dai da nake bin hanyar ba zan sa wa tawa ba.

Malamar Wasanni: Yaya Direba ai ban kai can ba. Daga makarantarmu zuwa wadda ta fi kusa ko awa ɗaya ba a yi, a je bayan azahar a dawo kafin magariba.

Baban Ummi: Malama ni fa da na ji shugaban ƙasa ya yi musu kyautar dala dubu ɗari kowacce da gida da lambar girma sai da na kalli Ummi na ce ke kina nan kina ta fama da lissafi hhh. Amma wasa gefe, ni uba ne, kuma abin da na gani a talabijin ba zan so in ga 'yata a ciki ba. Gajeren wando, gashi a waje, maza cike da fili. Gobe in an zo neman aure a ce ai wadda take buga ƙwallo ce, kin san halin mutanenmu, magana ɗaya sai ta bi yarinya har ɗakin mijinta.

Malam Na Islamiyya: Assalamu alaikum. Na ga an yi ta sako sunana, to ga ni. Motsa jiki ga mace ba laifi ba ne, ya zo a hadisi cewa Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ta wuce shi a karon farko, daga baya ya rama. Abin dubawa shi ne sutura, da cakuɗa da maza, da lokacin salla. In Malama ta ce cikin katanga ne, mata zalla, da dogon wando da ɗankwali ko ƙaramin hijabi, ni ban ga inda zan hana ba, don 'yan matan nan da ma suna langa da 'yar gala-gala ba wanda ya ce komai. Tsorona ɗaya ne, abu kan fara a katanga ya ƙare a titi. Yau makaranta da makaranta, gobe a ce wasan ƙarshe sai a babban filin gari saboda manyan baƙi, jibi a ce wadda ta fi iyawa za a tafi da ita wani wuri. Wa zai tsaya ya ce iya nan?

Ɗan Jami'a: Allah ya gafarta Malam, maganar sutura kam an wuce wurin ko a dokar ƙwallo. Tun 2014 aka amince mace ta buga da kanta a rufe, kuma a Kofin Duniya na 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko da hijabinta ta buga. Saudiyya ma ta buɗe babbar gasar mata a 2022, Ashleigh Plumptre tamu ta koma Al-Ittihad ta Jidda, Oshoala kuma Al-Hilal ta ɗauke ta a 2025. Kuma ita Oshoalar musulma ce, Ajibade ce ban ce ba.

Malam Na Islamiyya: Ɗana, Saudiyya ƙasa ce ba hujja ba ce. Ka kawo min wani dalilin.

Ɗan Jami'a: Na karɓi gyara Malam. Nufina dai kayan sawar akwai su, ba sai an ƙirƙiro ba. Kuma in Saudiyya ta yi nisa ga maƙwabtanmu nan, da aka fara gasar zakarun kulob na matan Afirka a 2021, a wasannin share fage na shiyyarmu har da AS Police ta Yamai aka buga tare da Rivers Angels. Mutanen da muke haɗuwa da su a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, addini ɗaya al'ada ɗaya.

Ɗan Pillars: 'Yan sanda ne fa, dole ce ta sa su gudu 😂

Maman Ihsan: Ku maza duk kun tafi Saudiyya da Bayelsa, ku dawo gida in faɗa muku abin da ya faru da mu. Lokacin da muke makarantar kwana ana mana gasar gidaje duk shekara, tsere da jan igiya da gudun buhu, kuma wlh ranar ta fi mana ranar salla daɗi. Shekarar da muke aji biyar sai samarin gari suka ji labari, suka haye bishiyoyin darbejiya da ke bayan katanga suna fito suna kiran sunaye, wata ƙawata tana tsakiyar gudu ta ji an ambaci sunanta daga sama sai kawai ta durƙushe tana kuka. Daga shekarar aka soke tseren manya. A lokacin ma babu wayar hoto a hannun kowa. Yanzu fa? Mutum ɗaya ya ɗauki bidiyo na daƙiƙa goma ya ɗora a TikTok da waƙa a kai, shi kenan an gama da yarinya a garinsu. Anti Malama ina bayanki ɗari bisa ɗari, a asibiti nake aiki ina ganin yadda zama wuri ɗaya ke yi wa mata tun suna ƙanana, amma in ba a yi maganin waya ba kar a fara.

Baban Ummi: Yauwa Hajiya, kin faɗi abin da ke raina na kasa faɗa. Ni ba ƙwallon nake tsoro ba, waya nake tsoro.

Malamar Wasanni: Wannan gsky ne kuma na sha tunaninsa. Ɗalibai da ma ba a barinsu da waya. Matsalar mu malamai ce, don ko bikin yaye ɗalibai aka yi kafin a watse ka gan shi a sitatus ɗin mutum goma. Abin da na tsara shi ne duk wadda za ta shigo ta ajiye waya a kwali wajen metiron a ba ta lamba, har ni, har firinsifal in ta yarda. Direban bas da malamai maza su zauna a ofis a kai musu zoɓo. Bishiya kuwa filinmu yana tsakiyar makaranta ne, ɗakunan kwana sun kare shi, amma akwai makarantun da sai an duba.

Koci: To ni ne mai ɓata biki, a yi haƙuri. Shekara goma sha biyu ina riƙe da kulob ɗin yara maza a garin nan, kuma abin da ke kashe gasa ba malamai ba ne ba iyaye ba ne, kuɗin mota ne. Mun taɓa haɗa gasa ta kulob takwas, wani mai neman kujera ya zo da 'yan rakiyarsa ya yi alkawarin jesi da kofi da kuɗin alƙalai, aka yi hoto, aka buga zagayen farko, zaɓe na wucewa wayarsa ta daina shiga, wasan kusa da na ƙarshe har yau ba a buga shi ba, yaran da suka kai matakin wasunsu sun yi aure. Kuma ko a sama haka abin yake. Ɗan Jami'a ya lissafo su Rivers Angels da Bayelsa Queens da Delta da Edo da Nasarawa, ai duk gwamnatocin jihohi ne ke riƙe da su, shi ya sa suke daɗewa, in gwamna na so a ci gaba in ba ya so a yi ta jiran albashi. Irin su Robo masu zaman kansu ba su da yawa. Saboda haka Malama, kar ki jingina da kowa, ki yi lissafin abin da za ki iya da aljihun fitiye kawai, wato ƙungiyar iyaye da malamai.

Malamar Wasanni: To Koci ba ni shawara, kai ka san hanya.

Koci: Ki fara da makarantu huɗu kar ki wuce. Kowacce ta kara da sauran ukun sau ɗaya, wasa shida kenan gaba ɗaya, in ana buga biyu duk Asabar sati uku an gama. Nasara maki uku, kunnen doki ɗaya. Kar ku ce minti 45, yaran ba su saba ba, ku yi 25 ko 30 kowane zagaye kuma a bar canji ko sau nawa. In babu sha ɗaya-sha ɗaya da suka iya a yi bakwai-bakwai a rabin fili, ya ma fi daɗin kallo kuma ba ruwanku da rigimar satar gida. Lokaci kuwa yanzu ne, sanyi ya fara shigowa, in kika bari bazara ta kama ba mai iya gudu da la'asar, ga jarrabawar 'yan aji shida. Kuma ki sa a zaga filin a tsince ƙarangiya da tsidau tunda ba takalma.

Ɗan Jami'a: Amma Koci in an tsaya a makarantu huɗu ina amfanin? Ni ina ganin a yi wa abin rajista da hukumar ƙwallo ta jiha tun farko, masarautu biyar gare mu, Dutse, Haɗejiya, Gumel, Kazaure da Ringim, kowacce ta fitar da zakara a haɗu a Dutse, a nan ne za a zaɓi waɗanda za su zama kulob ɗin jiha ya shiga Nationwide. In ba haka ba mai ƙafar hagun nan ta gama makaranta shi kenan.

Malam Na Islamiyya: Kun ji ko? Ko asuba ba a yi ba an kai Dutse. Abin da na faɗa kenan.

Maman Ihsan: Hhhh Malam ya kama ka dumu-dumu.

Malamar Wasanni: Ɗan Jami'a ka sassauta. Ni ba Barcelona nake nema wa kowa ba. Yarinyar nan burinta ta zama ungozoma, ta faɗa min da bakinta. Abin da nake so kafin ta bar makaranta ta sa jesi mai lamba sau ɗaya, ta ci 'yan wata makaranta, ƙawayenta su ɗaga ta sama. In wata rana wata ta taso iyayenta suka yarda ta wuce nan, wannan tsakaninta da iyayenta ne, ba ni zan buɗe ƙofar ba ba ni zan rufe ba. Amma in na shiga ofishin firinsifal da maganar Nationwide ko zama ba za ta ce in yi ba.

Ɗan Jami'a: Ban gamsu ba gsky amma na yi shiru. Kocin da ya ciyo mana kofin nan ma, Justine Madugu, ɗan Adamawa ne, wato arewa na da masu koyarwa, 'yan wasan ne muke rufewa.

Direban Kudu: Adamawa daban nan daban ɗan'uwa. Malama in tafiyar cikin masarauta ce, ƙanena na da bas mai cin mutum 18, ranar Asabar ba ya fita sosai tunda Lahadi ce ranar Gujungu. Ku zuba mai kawai, ni zan yi masa magana.

Baban Ummi: Wa zai busa to? Kar a ce mata zalla ranar wasa mu ji Koci ne a tsakiyar fili da usur.

Koci: Haba Baffa 😂 ni iyakata ofis da zoɓo. Malama ta turo malamai mata biyu ko uku, a zauna a ɗakin malamai in koya musu a allo, jifa, bugun kusurwa, fenareti, taɓa da hannu, kwana biyu ya isa. Usur biyu da ƙwallo biyu ina da su, aro ne fa ba kyauta ba.

Malam Na Islamiyya: In an rubuta sharuɗɗan a takarda a kawo min in gani kafin a kai wa iyaye. Kuma a sa a ciki cewa ba manyan baƙi. In an ce ba maza to ba maza, ko mai rawani ne ko mai jiniya.

Malamar Wasanni: In sha Allahu Malam. Litinin zan samu firinsifal, in ta amince sai mu rubuta wa sauran makarantun da ofishin ilimi na shiyya, kowace yarinya kuma sai ta kawo sa hannun uba ko waliyyi, wadda aka hana ba za a takura mata ba. Baban Ummi, in takarda ta zo gidanka fa?

Baban Ummi: Sai na yi shawara da babarta. Ita Ummin ma ban sani ba ko ta iya, a gida ko tsintsiya aka ce ta miƙo sai ta yi tuntuɓe.

Malamar Wasanni: Ita ce golarmu ta biyu.

Baban Ummi: Ikon Allah. Kuma ba ta taɓa faɗa min ba.

Mai Gidan Kallo: Ni nawa gudummawar ruwan leda jaka biyar duk ranar wasa. Ɗan Pillars kuma ya biya min bencina tukuna.

Ɗan Pillars: Benci da ma ya ruɓe. Malama, mai ƙafar hagun nan takalmi lamba nawa take sawa?

Malamar Wasanni: 38 ina jin, bari in tambaye ta gobe.

Ɗan Pillars: To ki tabbatar kafin Lahadi, zan shiga Gujungu in duba wajen masu gwanjo. Kuma kar wanda ya ɗauki hoton wannan maganar ya kai majalisarmu.